Na Juya Wa Uwar Mijina Fassarar Fim Ɗin Koriya, Yanzu Ta Ƙi Asibiti

Assalamu alaikum Anti, da dukkan 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah ki sakaya sunana, ko garinmu na gida kada ki ambata, domin Hausawan New York ba mu da yawa, kowa ya san tafiyar kowa. Ku kuma masu karatu, na san zagi zai zo, ban kuma ce ban cancanta ba, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Abin na gaggawa ne, rai ne a ciki.

Ni matar aure ce, muna zaune a Parkchester cikin Bronx, gida mai ɗaki ɗaya da falo. Maigidana ma'aikacin ofis ne a Manhattan, ni kuma ina aikin safe a wani kantin magani, da azahar na dawo. Bara mahaifiyarsa ta zo daga gida saboda ciwon zuciya, zan kira ta Hajiya. Likitocin nan suka ce sai an yi mata aiki, amma sai ta jima tana shan magani jininta ya daidaita tukuna. Muka bar mata ɗakin, ni da mijina muka koma shimfiɗa katifa a falo. Wallahi Hajiya ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauka haka, sai dai akwai baki. Miyata ba ta ji daddawa ba, wandon da nake sawa zuwa aiki na 'yan iska ne, me ya sa nake kiran ɗanta da sunansa gatsal, me ya sa nake dariya da ƙarfi. Tukunyata ma sai ta buɗe ta leƙa. Na yi ta haɗiyewa ina cewa baƙunta ce, za ta wuce.

Abin da ke sanyaya min rai tun zuwana ƙasar nan shi ne fina-finan Koriya, irin masu dogon zangon nan na soyayya da barkwanci. Kun san su: saurayi mai kuɗi mai girman kai, budurwa talaka mai rawar kai, a yi ta faɗa ana tuntuɓe ana faɗawa jikin juna, sai an kusa ƙarewa kafin ma a riƙe hannu. In na dawo aiki sai in kunna, in karanta Turancin da ke gudu a ƙasa, in manta da sanyi da kewar gida. Rannan Hajiya ta fito ta zauna gefena ta ce, “Waɗannan 'yan Sin ɗin me suke cewa ne?” Na ce, “Hajiya, 'yan Koriya ne.” Ta ce, “Duk kanwar ja ce. A gida fim ɗin Indiya mai fassara nake kallo, ke ma fassara min mana.” Na fara fassara mata, kuma da gaskiya nake yi a lokacin. Har murya nake canzawa. Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, tana cewa, “Kai, wannan yarinya da sakarci take!” Ban taɓa jin daɗin zama da ita irin na waɗannan kwanaki ba.

Sai ranar da maigidana ya shigo yana fara'a ya ce ya yanke shawara, zai nema wa Hajiya takardun zama, ko an gama aikin ba za ta koma ba. Bai tambaye ni ba. Labari kawai ya ba ni, yana cire takalmi. Na dubi katifar da ke jingine a bayan kujera. Ke nan haka zan ƙare, matar aure a falo? In ce masa ban yarda ba, a ce na kori uwar miji marar lafiya? Wa zai saurare ni? Sai Shaiɗan ya raɗa min cewa ai ba sai na kore ta ba, ita da bakinta za ta ce gida take so.

A lokacin mun fara wani sabon fim, wanda a ciki akwai wata kaka mai ban dariya. Ainihin labarin shi ne kakar lafiyarta ƙalau, ciwon ƙarya ta ƙirƙira aka kwantar da ita a asibiti don ta tilasta wa jikanta ya yi aure kafin wai ta mutu. In an fita sai ta jawo taliya daga ƙarƙashin bargo ta hau ci. Ni kuwa da aka nuno ana tura ta a keken marasa lafiya, sai na ji bakina yana cewa, “Hajiya, yaudararta suka yi. Sun ce mata dubawa kawai za a yi, ashe gidan tsofaffi ne, nan za su bar ta.” Hajiya ta gyara zama ta ce, “Su bar ta kamar yaya?” Na ce, “Haka ake yi a ƙasashen nan, in tsoho ya zama nauyi sai a kai shi a ajiye.” Da aka nuno jikan da budurwarsa ƙarƙashin lema ɗaya, yana gaya mata ya kasa barci saboda ita, na ce shawara suke yi yadda za su sayar da gidan tsohuwar. Da aka nuno kakar tana cin taliyarta a ɓoye, na ce yunwa ake gana mata, wannan ma sata ta yi. Da ma'aikaciyar jinya ta miƙo mata ƙwayoyi ta watsar a tukunyar fure, na ce ta gane ƙwayoyin kashe jiki ne, don kada ta iya gardama. Hajiya ta ce, “To ni abin da ban gane ba, ya ake ta kiɗan nishaɗi, kowa yana washe baki?” Ko ɗar ban ji ba na ce, “Dariyar mugunta ce, Hajiya.” Kashi na ƙarshe, inda ake biki kakar tana tiƙar rawa, ban nuna mata ba. Na ce ya ƙi buɗewa, amma na karanta, tsohuwar a can ta mutu ba kowa a kanta.

Ranar Hajiya carbinta kawai ta ja ta shige ɗaki. Ni a haukata na ɗauka gobe za ta ce wa ɗanta a yi aikin nan a gama ta koma gida. Iyakar abin da nake so ke nan, Allah shi ne shaidata. Ban san magana zarar bunu ba ce sai yanzu.

Akwai wata maƙwabciyarmu 'yar Gana, mu ce Mma Adiza, mutuniyar kirki, takan leƙo su gaisa da Hajiya. Ina kicin na ji Hajiya tana tambayarta, wai da gaske ne akwai gidan da ake kai tsofaffi a garin nan? Baiwar Allah ba ta san dawan garin ba, ta ce, “Akwai mana, Hajiya, ai a irinsa nake aiki. Wasu 'ya'yansu na zuwa, wasu kuwa tun da aka kawo su ba wanda ya sake leƙowa. Da yawa ma daga asibiti ake wucewa da su.” Na tsaya cak da ludayi a hannu. Gaskiya ta faɗa, amma a kan ƙaryata gaskiyar ta hau ta zauna daram. Kamar wannan bai isa ba, da muka je ganin likita ya sa ranar aiki, sai ya ce bayan an gama za ta ɗan zauna a wani wurin jinya na 'yan makonni don ta koyi tafiya da numfashi kafin ta dawo gida. Maigidana ya fassara mata yana murmushi, ya ce, “Ba daɗewa za ki yi ba, Hajiya, kuma kullum muna zuwa.” Ita ba shi ta kalla ba. Ni ta kalla, ta gyaɗa kai a hankali.

Tun daga ranar gidanmu ya canza. Hajiya ta daina faɗa, ta daina leƙa tukunya, kuma wallahi na gwammace faɗan. In ɗanta ya shigo sai ta bi shi da ido har ya zauna. In ya matso kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa, ko da cefane muke lissafawa, sai in hango ƙofar ɗakin ta ɗan buɗe. Abincin da ya sayo a waje ba ta ci, sai wanda na dafa da hannuna. Fasfonta ya bar cikin akwati ya koma cikin lalitarta, takalminta kullum yana bakin gado, mayafi a kafaɗa ko a cikin ɗaki. Ta fara tambayata abubuwan da ba ta taɓa tambaya ba: jirgin ƙasan nan da ke wucewa ta sama ina yake kaiwa, daga nan zuwa filin jirgi da nisa, in mutum ya fita ƙofar ƙasa dama zai yi ko hagu. Matar da ko hawa bene ɗaya ba ta iyawa sai ta huta, a wannan sanyin da yake tsaga ƙashi, ba ta jin Turanci ko na sannu.

Ni da nake aiki a kantin magani, ni ya kamata in fara lura, kuma na lura, tsoro ne ya hana ni yarda. Ƙafafunta sun kumbura har zoben azurfar yatsanta na ƙafa ya nutse. A zaune take barci yanzu, in ta kwanta numfashi ba ya isarta. Sallah ma a kujera take yi tana haki. Shekaranjiya da la'asar ta kira ni ɗaki, ta ce in tura ƙofa. Ta kwance bakin zaninta, sai ga ƙwayoyi tuli, farare da jajaye, duk waɗanda ɗanta yake ba ta da hannunsa kafin ya fita aiki. A ƙarƙashin harshe take ɓoyewa. Ta ce, “Kin gani, 'yar nan, ban yi sake ba. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah. Da ba ki buɗe min ido ba da tuni an gama da ni.” Sannan ta kama hannuna ta ce in rantse ba zan gaya masa ba. Anti, na rantse. Ban san lokacin da na rantse ba.

Jiya na kasa jurewa. Da na dawo aiki na durƙusa a gabanta ina kuka na ce, “Hajiya, ƙarya na yi miki. Duk fassarar nan ƙarya ce, fim ɗin barkwanci ne, ba wanda ya yar da tsohuwar nan. So nake ki koma gida shi ya sa.” Na ɗauko kashi na ƙarshen na kunna mata, ga kakar nan da kwalliyarta tana rawa a bikin jikanta, yana rungume da ita. Hajiya ta kalla tsaf har ya ƙare. Sai ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba ta ce, “Haba 'yar nan, ni za ki koya wa kallon fim? Tun ba a haife ki ba nake kallon Indiya. Wannan ai tuna baya ake nunawa, ko kuma mafarkinta ne a can inda suka jefar da ita.” Na ce wallahi tallahi ba haka ba ne, a kira duk wanda ya iya Turanci ya karanta mata. Ta ce, “Duk mai Turancin ai nasu ne.” Ta shafa kaina ta ce, “Na san shi ya tsorata ki ya turo ki. Ba komai, aurenki kike karewa, na yafe miki. Ke kaɗai ce kika taɓa gaya min gaskiya a gidan nan, ba zan riƙe ki da ƙaryar yau ba.” Ta mayar da numfashi, sannan ta ce, “Amma ki sani, ranar da za a zo ɗaukata ba za a same ni ba. In kuma kika faɗa masa zancen maganin nan, ba zan jira ranar ba.”

Aikin mako mai zuwa ne. Yau da safe maigidana ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa, idonsa ya yi ja, ya ce, “Ban san me na yi wa Hajiya ba, ko kallona ba ta son yi. Ke take ji yanzu. Don Allah ki lallashe ta, na bar miki amanarta.” Na ce to.

In na yi shiru, zuciyar nan ba za ta kai ranar aikin ba, na san abin da rashin maganin nan yake yi. In na faɗa masa, dole ya tunkare ta, ita kuma ta riga ta gaya min abin da za ta yi, ga shi duk safiya ba kowa a gidan sai ita. Aurena kam na san in ya ji tushen maganar ya ƙare, kuma wallahi yanzu ba shi ne a gabana ba. Yanzu haka da nake rubutun nan tana ɗaki, ina jiyo numfashinta ta cikin ƙofa, kuma ɗazu ta leƙo ta tambaye ni ƙarfe nawa zan fita aiki gobe.

Don Allah 'yan'uwa, me zan yi?