Rigar ta ƙi shiga maiɗakina, ashe manhaja ce ta rage awo

Anti, don Allah ki taimake ni, gidana ya rikice a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni tela ne. Kwanaki na sauke zanen wata riga a fayil ɗin PDF, irin wanda ake bugawa a takarda, a shimfiɗa kan yadi a yanka. Na ce bari in ba maiɗakina mamaki. Na buɗe shi da wata manhajar kyauta da ƙanena ya sa min a kwamfutar shago, na zaɓi lambar awonta, na buga, na ɗinka har da ado a wuya.

Anti, rigar nan ta ƙi wuce kafaɗa. Baiwar Allah ta tsaya gaban madubi ta ɗauka ƙiba ta yi, washegari ta shiga rage cin abinci. Kin kuma san in mai girki ta rage, kowa ya rage. Yara na kallona, ni ina kallon tukunya. Sai jiya na gano manhajar ce ke ƙanƙance zanen don ya shige takarda. Ga tallace-tallace a cikinta kamar me! Ƙanena ya ce in sauke wata, maƙwabcina ya ce sai ta kuɗi. Wacce zan zaɓa? Kuma in faɗa wa maiɗakin nawa, ko in ɗinka wata in yi gum? Wallahi kunya nake ji, tela guda.

Tela mai jin yunwa

Malam tela, na yi dariya, amma na tausaya wa matarka. Manhajar ta yi nata, kai ma ka yi naka: tef na rataye a wuyanka ka yanka yadi ba ka auna takarda ba.

Ba sai ka sayi ta kuɗi ba. Nemi ta kyauta daga shafin masu ita, marar talla, wadda wajen bugawa take ba ka zaɓin ainihin girma, ɗari bisa ɗari. Buga shafi ɗaya, ka ɗora tef. In awo ya fita daidai, ita ce taka.

Batun shiru kuwa, kul! Kunyarka ta minti biyar ce, ita kuwa kullum tana zargin jikinta a kan laifin da ba nata ba. Kai mata takardar da tef, ta auna da hannunta ta gani. Za ta yi maka tsiya har ta gaji, ka daure, ka cancanta.

Allah ya bar ku tare, ya kuma cika tukunya.