Jiƙon Inna

Asabar, 6 Maris 1982
Inna ta sake ɓata. Matata Hawa ta tsinto ta a kasuwar raƙuma, wai ƙauyenmu Falanko za ta, ta ɗora wa Baba tuwo. Baba kuwa shekararsa tara a kabari. A likita sun ce gigin tsufa ne, ba shi da allura. Ni malamin lakwal, wato makarantar boko, ina dukan 'ya'yan mutane kan hadda, uwata ta mance sunan gishiri.

Asabar, 13 Maris
Hawa ta kawo Dado, wata Babororiya mai tallan magani. Saiwoyi uku a tsumma. Ɗaya sabara ce, sauran ta ƙi faɗi. A jiƙa a sabuwar ƙwarya, Inna ta sha kowace safiya kafin kunu, kwana arba'in ba fashi. In an yi fashi, aikin ya lalace. Na ce yaya zan gane yana ci? Ta tambaya ko ni ne ɗan fari, na ce ni ne. Ta ce, “To, ran da ta koma jin kunyarka, hankali ya dawo gida.”
Ban yarda ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Laraba, 24 Maris
Jiƙon nan ɗaci ne da shi. Rabi a cikin Inna, rabi a rigata.

Juma'a, 2 Afrilu
Shekarata arba'in da uku, Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, yadda uwa ke wa ɗan fari. “Wancan” nake. Tun yaye aka kai ni gidan kakata. In na gaishe ta, bango take amsa wa.
Yau ina gyaran takardun yara ta zo ta zauna kan tabarmata, gwiwa da gwiwa. Ta ce, “Samari, wa sunanka?” Na faɗa. Ta ce, “Ila! Ni ma ina da Ila. Ran da aka tafi da shi na bi jakin a ɓoye har bayan gari, ina kuka, kar ka gaya wa kowa.” Ta shafa kaina.
Ba ta san ni ba ne. Na sani. Na shiga ɗaki na yi kuka kamar yaro.

Lahadi, 11 Afrilu
Ta zuba ƙasa a tulu. Ta zagi Hawa, ta ce ɓarauniya. Ba ta iya ɗaura zane. Kullum ƙasa take yi, ni dai ban ga aikin saiwar nan ba. Da la'asar kuma ta nemi “saurayin nan mai kirki”, ta ba ni labarin Ilanta. Wai yana son ƙanzo.

Alhamis, 15 Afrilu
Na shigo daga lakwal na yi sallama, sai Inna ta ja mayafi ta juya wa bango. Ta ce da Hawa, “Ba wancan ruwa.” Hawa ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo. “Malam, maganin Dado ya ci!”
Kafin magariba ta koma neman hanyar Falanko. Ko maganin ne, ko giftawa ce kawai, Allah masani. Na ce alhamdu lillahi. Uwata ce, dole in so mata lafiya. Ruwan dai ban iya shansa ba.

Litinin, 19 Afrilu
Saura kwana uku a cika arba'in. Da safe ƙwaryar ta kife a hannuna tsakanin madafa da ɗakin Inna. Tuntuɓe na yi. Jiya ma haka, shekaranjiya ma. Hawa ba ta sani ba, ni ke kai wa Inna jiƙon.
Ai dama ba ya aiki. Likita ma ya faɗa.
Na kai mata kunu zalla. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ila, zauna nan kusa da ni.” Na makara lakwal.