Ni Na Taɓa Ƙwallon, Iliya Ake Zargi

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan shafi, da masu karatu, da irina waɗanda sai an karanta musu. Ina gaishe ku da aiki. Ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. In kun ji duka kun ga faɗa ya dace da ni, ku yi, ni ma na yi wa mutane da yawa faɗa a rayuwata.

Ga waɗanda suke wurin ranar Asabar ɗin da abin ya faru, amma na sauya musu sunaye. Akwai Alhaji Sule ɗan kwangila, wanda ya sa kofin da aka yi gasa a kai, ya zo da baƙinsa daga Kano. Akwai Garba, ɗan wasa daga Kaduna, abokin karawa. Akwai mai unguwarmu. Akwai Jauro, makiyayi daga wajen Gwiwa, shi shanunsa ne suka kawo shi. Akwai surukata Hajara, matar ɗana, da matan da suka taya ta girki. Akwai Iliya, makaniki a nan Kazaure a garejin gwamnati, Kirista ne mutumin kudancin Zariya, aminin ɗana. Akwai ɗana na fari, shi ba sai na sauya masa suna ba, domin ban taɓa faɗin sunan ba tun da aka raɗa masa. Sai ni, da babu wanda ya san ina wurin.

Ban yi boko ba. Wata ungozoma baƙuwa ce take rubuta mini, ina sa ta maimaita abin da ta rubuta, domin ba na son ƙari. Na san masu sana'ar ɗana ba su da yawa a ƙasarmu, in jaridar ta faɗa hannunsa zai iya ganewa. To, ya gane.

Wasan golf yake yi, wanda ake buga 'yar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Da ɗaukar wa Turawa jakar sanduna ya fara a Kano, shi da Iliya, tun kafin a sauke tutar Turawan. Da suka tafi ya ɗauki sandar da kansa, ya doke na Kano, ya doke na Jos, har jirgin sama ya hau saboda wasan nan. Ni kuwa ban taɓa ce masa sannu ba. A gidanmu uwa ba ta kallon ɗan fari ido cikin ido, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa. Haka na taso, kuma na riƙe abin fiye da uwata ma. Kakarsa ce ta goya shi. Da ya yi ƙyanda, ta kafar zana nake leƙensa. In ya kawo kofi ya ajiye a tsakar gida inda zan gani, sai in ce wa Hajara, "A ɗauke gwangwanin nan kafin kaji su hau." In na dama fura mai kyau, Iliya nake miƙa wa, ina cewa, "Ungo, ɗan baƙin mai, ka wanke hannun nan tukuna," domin na san tare za su sha. Iliya nake zagi, Iliya nake tambaya ko ya ci abinci. Inna yake ce mini, kuma ina amsawa da ƙarfi.

Da kuɗin man fetur ya shigo, kowa ya koma gini da sayen mota, shi sai ya dawo gida ya ce zai yi filin wasa a tsohuwar gonar ubansa ta hanyar Roni, wadda duwatsu suka hana mu nomawa. Ciyawa ba ta zama a can, don haka kewayen kowane rami yashi suke zubawa, su kwaɓa shi da baƙin man da Iliya yake tarowa daga gareji, su ja buhu a kai har ya kwanta lif. Na ce wa Hajara, babban mutum da gemunsa yana miya da yashi. Amma duk hirar da suke yi a zaure ina bayan bango ina ji. Ranar da Alhaji Sule ya ce zai aiko da katafila ta baje duwatsun, ɗana ya ce, "Alhaji, in ka baje mini wurin nan me ya rage? Allah ya riga ya shata filin, ni ramuka kawai zan haƙa." Alhaji ya ce, "To tsagar dutsen nan da ke gaban ramin ƙarshe fa? Sanda ba ta shiga ciki, duk wanda ƙwallonsa ta faɗa ya gama." Ya ce, "Saboda ita na sa ramin a can. Mai tsoro ya kewaya, mai zuciya ya tsallaka, kowa ya nuna mana ko wane ne shi." Iliya ya ce, "Garba zai nuna maka ko wane ne kai, yaro ne, kai gwiwarka ta fara kuka." Suka yi dariya, ɗana ya ce, "Ba da Garba nake karawa ba, Iliya. Shi nasa yake bugawa, ni nawa. Wasa ne da babu alƙali a bayanka, kai ne alƙalin kanka. Inda ta faɗa nan za ka buga ta, ko cikin ƙaya ne. Ranar da na gyara mata zama, ranar na daina zama ɗan wasa." Na ji wannan magana ba sau ɗaya ba. Ina faɗa muku ne don kada wani ya ce tsohuwa ce, ba ta san doka ba. Na sani.

Ranar buɗe filin na ce wa Hajara zan je neman saiwar magani. Na ɗauki 'yar fartanya na bi ta bayan duwatsu, na zauna a inuwar babban dutsen da ke kusa da ramin ƙarshe, inda babu mai ganina. Shekara da shekaru ana ba ni labarin bugunsa, ban taɓa gani ba. Laifi ne uwa ta so ta gani sau ɗaya? Aikin Iliya a ranar shi ne ya riƙa yin gaba yana duba inda ƙwallo ta sauka. Ina jin hayaniya tana matsowa, ina jin ana cewa ɗana da Garba sun yi kunnen doki, wannan ramin ne zai raba su. Sai wuri ya yi tsit. Sai na ji ƙas a kan dutse, ga ƙwallon ta gangaro ta shige tsagar nan, dab da ƙafata, na kuma ji muryar Iliya daga ɗaya gefen yana cewa ta ɗana ce, yana zuwa. Ban yi tunani ba. Ko na yi? Na zare takalmi na sa yatsun ƙafa na ɗauko ta, yadda nake ɗaukar allura in ta faɗi, na sake ta, ta mirgina ta tsaya a fili. Na koma bayan dutsen na tsuguna. Iliya ya kewayo yana haki, ya ɗaga hula yana ihu, "Ga ta nan a sarari! Dutse ya maido ta!" Ɗana ya zo ya buga, ya ci Garba da bugu ɗaya. Na ga bugun. Na sulale na riga su isa gida, har da saiwar a hannuna.

A ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi aka ci abinci, ina zaure ta ciki ina ji. Mai unguwa ya kira Jauro ya zo ya ci, tun da shanunsa sun yi haƙuri da mu a wurin kiwonsu. Jauro ya ci ya ƙoshi, ya so ya yi yabo, sai ya ce wa ɗana, "Malam, ƙwallonka tana da iskoki, wallahi. Ina kan tudu na ga ta shige tsaga da idona, na juya in kore saniya, ina waiwayowa ga ta a fili tana jiranka. Ka ba ni maganin in sa wa maraƙina." Shi kaɗai ya yi dariya. Ɗana ya ce, "Ta shiga, ko ta bugi dutse ta dawo?" Ya ce, "Ta shiga ta kwanta." Sai na ji ɗana ya ce, "Iliya, wa ke gaba?" Iliya ya ce, "Ni ne, amma na rantse da Allahn da ya yi ni a fili na same ta." Ya ce, "Ban da kai akwai wani?" Ya ce, "Ban ga kowa ba." Ɗana ya tashi ya ɗauki kofin ya ajiye a gaban Garba. Garba ya ce, "Haba yallaɓai, wasa ne fa." Ya ce, "A wurinka." Iliya ya ce, "Tun muna raba ragowar burodin Turawa muke tare, ni nake ɗaukar maka jaka, yau ni za ka kalla haka?" Ya ce, "Ka ajiye jakar." Alhaji Sule kuwa ya ce an kunyata shi a gaban baƙinsa, zai ga shugaban garejin, a tura Iliya inda ko mota ba ta zuwa. Wani daga cikin baƙin ya ce dama mutum ba ɗan gari ba, me za a tsammata? Tsakanina da su labulen asabari ne kawai. Ban ɗaga shi ba.

Da la'asar ɗana ya shigo ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, na amsa ina kallon ƙwaryar wake da nake tsincewa. Ya zauna a kan turmi yana magana da Hajara, amma mu duka mun san wa ake gaya wa. Ya ce, "Da mota Iliya ya sace mini da na yafe. Ya bar ni na ɗaga kofin da ba nawa ba ina washe baki. Kin san abin da ya fi ci mini rai? Wanda ya yi mini haka bai yarda zan iya fita daga ramin da na faɗa da kaina ba. Bai taɓa yarda da ni ba." Hajara tana kuka. Ni na ce, "A kai masa ruwa."

Abin da ya sa na nemi a rubuto muku shi ne ban ji komai a raina ba. Na gama tsince waken. Na ci tuwona, na yi salla, na yi barci. Har yanzu ina lalube a ƙirjina in ji zafi, sai in ji kamar ƙafar da aka daɗe da zama a kai. Wace irin mace ce wannan? Ni ce fa nake tsayar da amaren unguwa in tambaye su ina suka je. Ni ce ake aiko wa yara in sun yi ƙarya. In na faɗa, Iliya ya tsira da aikinsa da sunansa, 'ya'yansa su ci gaba da makarantarsu a nan. Amma maganar farko da zan taɓa yi wa ɗana fuska da fuska ita ce ni na ɓata masa ranarsa? Abu ɗaya tak da na taɓa yi masa da jikina tun yana cikin zani, shi ne wannan? In kuma na aika Hajara ta gaya masa, kamar yadda nake aika ta da komai, wannan ba wata ƙaryar ba ce?

Washegari Lahadi, da hantsi na dama kunu na zuba a kwano, na yafa mayafi na tafi gidajen ma'aikata. Na sami Iliya a ƙofar ɗakinsa da kayan zuwa coci a jikinsa, matarsa da yara sun tafi, shi ya kasa. Da ya gan ni ya zame daga kujera ya durƙusa, ya karɓi kwanon da hannu biyu. Ya ce, "Inna, ke kaɗai ce kika zo. Kin yarda ban taɓa ta ba?" Na ce, "Na yarda." Ya ce, "Ban taɓa roƙonki komai ba. Na san ba kya yi masa magana, amma ke kaɗai zai ji. Ki ce masa ba ni ba ne, don Allah, Inna." Na ce, "To." Na tsaya har ya shanye kunun, na karɓi kwanona na dawo gida.

Na ce masa to. Jama'a, ku gaya mini, yanzu me zan yi?