Gadon da Kawu Ya Yaba

Yaya,

Ya Umma da ƙafarta? Ya yara? Ni lafiya ƙalau, bayan ne kawai ke ɗan taɓa ni.

Kin ce Kawu ya dawo yana zuba muku labarin otel ɗin da ya sauka: gado kamar auduga, tawul mai ƙamshi, wai duk mai hali can ya kamata ya sauka. Bai yi ƙarya ba, ni nake gyara gadon.

Ƙaryar ita ce wai ya neme ni bai same ni ba. A bakin ɗakinsa muka yi kiciɓis, yana tare da abokansa, ina tura keken zannuwa. Na rusuna na ce, "Kawu, sannu da zuwa." Wallahi Yaya, da Turanci ya amsa min, wai in ƙaro masa sabulu!

Mayafin da Umma ta aiko shi da shi, a kan gado ya bar shi ya tafi. A dokar nan, in na ɗauki abin da baƙo ya bari, sata ce. Da hannuna na kai shi ɗakin ajiya.

Ki ce wa Umma mayafin ya yi min kyau.

Ƙanwarki