Mazaunin Tsinkayen Auta

Litinin, 1 ga Satumba

Likita ta ce in riƙa rubutu kullum da hannun hagu, wai don ya saba. To, ga shi na rubuta.

Laraba, 3 ga Satumba

Rubutun kamar kaza ta bi ta kan siminti ɗanye. Ba mai karantawa sai ni, da sauƙi.

Tunda ɓarin jikina na dama ya shanye aka sallamo ni daga asibiti, gidan 'yata Auta aka kawo ni. Ɗakin da suka ba ni yana kallon barandar da take aiki. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki bai dawo ba. Yaron kirki, amma ni kafinta ne tun ina saurayi, ban taɓa cin abincin da ba guminna ba. Yanzu har maɓallin riga sai an saka min.

Asabar, 6 ga Satumba

Ba abin yi sai kallon Auta. Da can in an tambaye ni sana'arta cewa nake tana wasa da kwalba. Yau na kalla tun daga farko.

Tana da tsinkayen ƙarfe masu yawa, wasu sirara wasu masu kauri. Sai ta kwaɓa farar ƙasa da ruwa a gwangwani, ta tsoma kan tsinke, ta zaro a hankali tana juyawa. In kwaɓin ya bushe, a kansa take naɗa narkakken gilashi a bakin wutar gas har ya zama dutsen ado. Farar ƙasar ce ke hana gilashin kama ƙarfe. In ta goge ko ta tsage ko da kaɗan ne, dutsen ya manne ke nan har abada.

Wahalar tana wajen shanya. Dole tsinken ya tsaya a miƙe, kansa sama, kada ya taɓa ɗan'uwansa. Ba a sa shi a rana, tsagewa yake. Ita kuwa a tsohon gwangwanin fenti mai yashi take soka su. Suna tsaye kamar mashaya, wannan ya jingina da wancan.

Na so in yi mata gyara, na fasa. Bakina ma har yanzu nauyi yake, in na yi magana sai an ce in maimaita.

Talata, 9 ga Satumba

Na yi ɓarna.

Zan wuce banɗaki da sandata, ƙafar nan da nake ja ta kwashe gwangwanin. Duk tsinkayen da ta tsoma da safe suka zube cikin yashi. Na tsaya ina kallo, ko sunkuyawa ba na iyawa.

Ta fito da gudu, ni ta fara dubawa. “Baba, ba ka ji ciwo ba dai?” Na girgiza kai. Ta ce, “To ba komai, dama kwaɓin bai yi min ba.”

Ƙarya take. Na ga lokacin da take yaba shi ita kaɗai. Ta durƙusa ta tsince su, ta wanke ɗaya bayan ɗaya a bakin famfo, tana 'yar waƙarta don kada in ji nauyi. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Ban ci abincin rana ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ta daina yashi, ta ce dama yana manne wa kwaɓin. Ni na san don ƙafata ne.

Jiya ta yanko soson tsohuwar katifa ta soka su a ciki ta ɗora kan tebur. Da suka yi yawa a gefe ɗaya, soson ya tashi ya kifa kamar kwale-kwale. Yau kuma kwandon wanke-wanke ta kifa, tana zira su ta ramukan. Ramukan sun yi faɗi, tsinkayen sai rawa suke. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana hararar kwandon.

Na ce, “Nauyi.”

Ta juyo. “Na'am, Baba?”

“Gindi. Nauyi.” Sai da na faɗa har sau nawa, yawu na zubo min. Ta zo ta goge min da gefen mayafinta kamar ba ta lura ba, ta ce, “Ka ce gindin yana son nauyi?” Na ɗaga kai. Ta ɗora dutse a kan kwandon, ta dube ni tana jiran yabo. Ba haka nake nufi ba, amma na bar ta.

Lahadi, 14 ga Satumba

Babba ya zo. Shi ne ɗana na fari, ma'aikacin ofis ne, gidansa da faɗi. Ya zauna bakin gado ya ce ya gyara min ɗaki, zai ɗauki mai kula da ni, farkon wata zai zo da mota. Ya ce, “Baba, nan ga wuta ga gilashi ga ƙarafa a hanya. Ita ma Auta ta huta.”

Gaskiya ya faɗa. Na ce to.

Auta tana bakin ƙofa da tiren shayi. Ta ajiye, ta ce ta bar wuta a kunne, ta fita. Ni kuwa daga inda nake ina hango wutar a kashe.

Litinin, 15 ga Satumba

Ba ta yi waƙa ba yau.

Juma'a, 19 ga Satumba

Sabuwar dabara: ta yanka kwali, ta nannaɗe shi kamar tabarma, ta ɗaure da roba, tana soka tsinkayen a 'yan ramukan da ke cikin kwalin. Wallahi ta burge ni. Ya yi kwana biyu yana aiki, sai ɗigon kwaɓin ya jiƙa shi ya saki. Wasu tsinkayen suka gogi juna ba ta gani ba.

Da yamma ta zo cire duwatsun da suka huce. Akwai wani shuɗi mai ɗigon fari, ta daɗe a kansa, wata mata ce ta ba ta aikin sarƙa. Ta jiƙa shi, ta murɗa, ta sake murɗawa, ya ƙi fita. Ƙarshe ta naɗe shi a tsumma ta sa guduma don ta ceci tsinken. Ƙarar ba ta da yawa, amma na ji ta a haƙorina.

Mijinta, Direba, yana gida. Na kira shi, ya zo ya tsuguna kamar yadda ya saba. Na ce ya je shagona ya ɗauko min akwatin kayan aiki da guntun katako mai kauri da ke bayan ƙofa. Ya ce, “Baba, me za a gyara? Ai sai in yi.” Na ce ɗauko dai. Kuma kada ya gaya mata.

Asabar, 20 ga Satumba

Ta tafi kasuwa, shi ya koma hanya. Na ja kujera zuwa baranda, na ɗora katakon a benci, na kunna injin huda da hagu.

Aikin da nake ba yaran shago su yi ranar farko.

Bakin injin yana shiga, katakon ya juya ya doke ni a ƙauri. Na taka shi da ƙafa mai lafiya, ramin ya tafi a karkace. Na sake, bakin ya karye a ciki. Hannun dama yana kan cinyata yana kallona kamar baƙo.

Na yi jifa da fensir. Idona ya yi ruwa, garin katako ne. Na tura komai ƙarƙashin benci na koma ɗaki.

Gara farkon watan ya zo.

Laraba, 24 ga Satumba

Kwana uku ban rubuta ba.

Ashe ta gani tun ranar. Jiya na leƙo, sai ga katakona a kan teburinta, ta soka tsinke ɗaya a karkataccen ramin nan, yana tsaye a gicciye shi kaɗai. Na ce ta cire, abin kunya ne. Ta ce, “Ya bushe lafiya lau, Baba. Saura 'yan'uwansa.”

Na ce ba zan iya ba, aikin hannu biyu ne.

Ta ce, “To ga nawa biyu, ga naka biyu, sun yi yawa ma.”

Na ce nawa ɗaya ne. Ta jawo benci, ta sa sabon baki a injin yadda na nuna mata, sannan ta ɗauki hannuna na dama da hannayenta biyu ta ɗora a kan katakon. Ta buɗe yatsun ɗaya-ɗaya ta shimfiɗa su, ta ɗora nata a sama ta danne. Tafinta duk tabon ƙuna, ban taɓa sani ba. Ta ce, “Ai kai ka ce gindi yana son nauyi. Ga nauyi.”

Na huda. Katakon bai motsa ba.

Ban ji katakon a hannun ba, amma na ji ɗumin nata, can nesa, kamar ta bayan bargo. Ban gaya mata ba.

Mun yi layi ɗaya na gaji. Na naɗa tef a bakin injin don zurfin ya zo daidai. Ita ke duba min ta gefe ko na miƙe, tana cewa “hagu kaɗan, Baba,” kamar mai koya wa yaro keke. Yarinyar da na goya.

Lahadi, 28 ga Satumba

An gama. Layin gaba ƙananan ramuka na sirara, layin baya manya. Na bar tazarar yatsu biyu tsakani don kawunan kada su haɗu. Na sa ta goge bakin ramukan da samfefa, muka buga roba a ƙasa don kada ya zame. Ba kyau gare shi ba. Da lafiyata da ban bari ya fita daga shagona ba.

Ta tsoma, ta jera. Duk suka tsaya cak, farare, ba mai taɓa wani. Ta zagaya teburin, ta ɗan bangaje shi da gangan, ko gezau. Direba ya ce tsarinsu ya fi na layin motoci a gidan mai. Auta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan kuma ta rufe fuska da mayafi ta daɗe. Shi ya fita duba taya, ni na duba silin.

Talata, 30 ga Satumba

Ta ba ni aikin tsomawa. Hagu ya isa. Na farkon sun yi kauri kamar an shafa musu kunun kanti, ta wanke su. Yanzu na gane: a zaro a hankali, a juya, a ɗan jira ɗigon ya koma, sannan a tsayar.

Kwaɓinta yana yin ruwa da yawa. Na gaya mata. Ta ce sana'arta ce. Na ce ido dai ido ne.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Abokan sana'arta mata biyu sun zo sun gani, kowacce tana so. Ɗaya ta ce ita a buhun shinkafa take soka nata, mijinta har ya gaji da tsintar farar ƙasa a abinci. Auta ta ce musu, “Sai kun tambayi kafintan.” Ta nuna ni.

An daɗe ba a kira ni haka ba.

Likita ta ce babban yatsana na dama ya ɗan motsa. Ni ban gani ba. Kada in sa rai.

Asabar, 4 ga Oktoba

Babba ya zo da mota. Auta ta riga ta haɗa min jaka tun safe, ta ajiye bakin ƙofa, ta shige kicin ta ƙi fitowa.

Ya same ni a baranda da katako na biyu a benci, na ja layukan da fensir. Ya gaishe ni, ya ce mu kama hanya kafin rana ta yi. Na ce akwai aikin mutane a hannuna.

Ya dubi katakon, ya dube ni. “Baba, wane irin aiki kuma? Hutawa za ka yi.”

Na ce na huta har na gaji. Na ga ransa bai so ba. Ya yi ɗawainiya, na sani, har fenti ya sake wa ɗakin. Ya ce a hankali, “Ko dai gidana ne ba ka so?”

Maganar ta yi min tsawo, bakina ba zai kai ta ba. Sai na ce, “Zo ka riƙe min.”

Ya ajiye makullin mota. Sannan ya naɗe hannun farar rigarsa ya tsuguna. Na nuna masa hannuna na dama, ya ɗauka ya ɗora a katakon, ya danne da nasa. Na kunna injin, ya kau da fuska. Tun yana ƙarami tsoron injin nan yake ji, ashe bai daina ba. Muka huda layi guda. Garin katako ya bi masa wando, bai kakkaɓe ba.

Da zai tafi ya leƙa kicin, na ji yana cewa, “Ke, ki rage masa gishiri, na ga kina lallaɓa shi.” Ta ce ya zo ya dafa da kansa. Ya ce zai dawo Asabar mai zuwa, a ajiye masa layi ɗaya.

Jakar tana nan bakin ƙofa. Ba wanda ya taɓa ta.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na kai ƙarshen na biyu, na uku saura gogewa. Babba ya zo da tsohon wando a leda.

Na sa Direba in ya sami sarari ya ɗauko min babban teburin aikina daga shago. Ba wani abu ba ne, gara ce nake tsoro, shagon a rufe ba mai dubawa. Ban ce na zauna ba.

Na fito da tef in auna barandar in ga ko zai shiga. Zai shiga kusa da nata, in an matsar da tukunyar gas zuwa lungu. Na juya zan gaya wa Auta, sai na ga tukunyar tana lungun. Shatin inda take da ma an share shi, har ƙasan ya bushe.