Tagar da Na Ƙi Zanawa

Daren Talata, Daura

Yau Alhaji ya dawo min da zanen benensa. Wai ƙatuwar taga yake so ta yamma, irin wadda ya gani a Abuja.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsakar gidan maƙwabcinka za ta kalla. Nan iyalinsa ke girki, nan suke shan iska."

Ya ce, "Gidana ne ko nasa?"

Har filin na kai shi, na nuna masa gabas: ga tsamiya, ga iska, ba a leƙen kowa. Ya ce ai Katsina cike take da masu zane.

To, Allah ya kiyaye hanya! Shekara goma mahaifiyata tana daka cikin hijabi, gumi na zuba, saboda tagar wani. Wallahi ba dai da hannuna ba.