Surukata Ta Ce Ita da Bishiyar Za Su Bushe Tare

Hajiya Tabawa, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗaure.

Atamfa nake sayarwa a kasuwar Adjamé a nan Abidjan, gidana kuma yana unguwar Biafra ta Treichville. Matata Huda 'yar ƙabilar Bawule ce, ta musulunta tun kafin aurenmu. Mahaifiyarta, Mama Affoué, tana nan kan addininta na Kirista, kuma ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba. Bana ɓarin jikinta ya shanye a ƙauye, muka ɗauko ta muka ba ta ɗaki.

Da Disamba ta kama sai ta shiga zancen marigayi mijinta, yadda duk shekara yakan saro ɗanyar bishiyar Kirsimeti ya kafa, gida ya ɗau ƙamshi. Huda ta kawo mata ta roba, ta kau da kai. Tausayi ya kama ni. Na je unguwar Indénié wajen masu saida sapen, wato bishiyar Kirsimetin, na zaɓi koriya shar, mai kura ya turo ta har gida. Ranar tsohuwar nan ta yi dariya, har ta cinye tuwonta.

Na kafa bishiyar cikin bokitin yashi a falo, jikin taga, ga fanka, ga 'yan fitilu. Ba a je ko'ina ba ganyen ya soma zuba. Wani ya ce in sa sukari, wata ta ce ruwan javel na wanki, duk na zuba, abin sai gaba yake. Yanzu Mama ta ce alama ce, ita da bishiyar za su bushe tare kafin sallarsu. Ta daina cin abinci, sai ta sa a zaunar da ita tana kallon ganyen da ke ƙasa. Huda kuka kawai take yi a kicin.

Ana cikin haka yayana Nomau ya zo. Daga bakin ƙofa ya juya. Ya aiko mini cewa ba zai sake taka gidan ba sai na fitar da bishiyar, wai ina ruɗa 'ya'yana, kuma a masallacinmu an fara magana. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, ban taɓa ƙetare maganarsa ba. In na jefar, na ji tsoron abin da zai sami tsohuwa. In na bari, ga Yaya. Na ma yi tunanin in sayo sabuwa in musanya ba ta sani ba. Ya zan yi?

Suruki Mai Damuwa, Treichville

Ɗan'uwana, Allah ya saka maka da alheri.

Fara da Mama, ita ce mai rai. Tsohuwa mai irin ciwonta in ta bar abinci, likita ake kai ta, yau ba gobe ba. Kuma ina zaton kewar mutanenta ke cin ta. Huda ta nemi matan cocin unguwarku su riƙa leƙo ta, in da hali a kai ta ranar sallarsu.

Bishiyar kuwa ƙishirwa ke kashe ta. Abin da aka sare ba shi da saiwa, ta wurin saran yake shan ruwa, shi kuma ƙaro ya toshe shi. Cire ta daga yashi, ka yanke gindin kamar faɗin yatsa biyu, a miƙe, nan take ka tsoma cikin ruwa zalla, ba sukari ba javel. Duba safe da yamma, kada ruwan ya sauka ƙasa da yankan. Raba ta da rana, fanka da murhu. Busasshen sapen kamar fetur yake, kada a bar fitilun kunne ba kowa a ɗakin. Lanƙwasa ganyen ka gani: in ya karye, ta riga ta tafi, a zafin Abidjan kuwa ba abin mamaki ba ne.

In ta kai ga sake sabuwa, kada ka yi a ɓoye. Mama za ta gane, kuma daga ranar ba za ta ƙara yarda da maganarka ba, ko kan magani. Durƙusa ka gaya mata kuskurenka ne, yashi da rana suka jawo. Ka ba ta aikin lura da ruwan, ita za ta riƙa tuna maka.

Yaya Nomau ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoron tarbiyyar 'ya'yanka yake, kuma yana da hakkin a saurare shi. Ni ba malama ba ce, hukunci sai ku tambayi malamin da ku duka kuka yarda da shi. Amma falo na kowa ne, ɗakin Mama nata ne. Mai da bishiyar can. Ka fahimtar da yara cewa addinin Kaka daban, kulawa da ita kuma wajibinku ne. Sannan ka taka da ƙafarka gidan Yaya, kada ka aika. Ka roƙe shi ya zo ya duba marar lafiya, wannan ba zai ƙi ba.

Allah ya ba Mama sauƙi, ya sanyaya zuciyar Huda, ya bar ka da ɗan'uwanka.

Hajiya Tabawa